Waken Zulai Da Ƙwaro Ya Ƙi

A Ɗorawa Biyu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Makoɗa inda gonaki suka matse juna har idan mutum ya yi atishawa a tasa sai maƙwabci ya amsa masa daga tasa, an yi wata mata Zulaihatu. Ba wanda ya taɓa kai sunan nan ƙarshensa sai liman, ranar ɗaurin aurenta. Zulai mai wake ake ce mata. Gajeriya ce, mai faɗin ƙafa, ba ta da kyan da za a tsaya kallo, ba ta kuma da munin da za a ba da labari. Abin da Allah ya ba ta shi ne hannun ajiya. Waken da ta adana da kaka, a fasa tulunsa da bazara a same shi sumul, ko huda ɗaya babu, kamar jiya aka ɓare shi.

Wajen kakarta ta koya. A shanya waken a rana har sai ya yi ƙara in an tauna. A tankaɗe tokar murhu, a cakuɗa da rairayi mai laushi, a zuba wake a zuba toka har wuyan tulu, sannan a yaɓe bakin da laka. Kowa a garin ya san wannan, ba asiri ba ne. Sai dai sauran mata sukan yi rowar toka, ko su gaji da shanya, ko su fasa tulun kullum don ɗiban na miya. Zulai ba ta gajiya, kuma ba ta da wani abin taƙama a duniya in ba wannan ba. Idan an yaba waken sai ta ce, "Ai ba komai," alhali hancinta har buɗewa yake.

Mijinta Iliyasu manomi ne marar magana. In ya ce miki "to" da safe, kin samu hirar ranar. Sun haifi 'ya'ya da dama, biyu suka tsaya: Safiyatu da aka yi wa aure aka kai Zakirai, da Kamilu da ya tafi ci-rani kudu ya riƙa aiko da gaisuwa, daga baya gaisuwar ma ta gaji da hanya. Don haka hirar Zulai ba a cikin gidanta take ba, tana jikin danga. A dangar karan da ta raba gidansu da na Malam Dabo akwai wata kafa daidai shigar kwano, kuma ta nan ita da Furera matar Malam Dabo suke ciyayya tun suna amare. Kullum kafin magariba kwanon Zulai ya bi ta kafar da abin da ta dafa, na Furera ya biyo da nata. Ba a fashi, ko an yi faɗa. In an yi faɗan ma, sai dai a tura kwanon da ƙarfi.

Furera doguwa ce mai baki kamar reza. Duk abin da Zulai ta tura mata sai ta cinye tas, ta lashe, sannan ta kawo bakinta jikin danga ta ce, "Guntuwa, gishiri ya yi yawa."

Zulai ta ce, "Taki miyar kuwa daga nesa ta hango daddawa, ta ɗaga mata hannu."

Haka suka tsufa tare, danga a tsakani.

Sai shekarun wahala suka zo. Da farko ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ta kanannaɗe a gona. Mutane suka koma wa wake. Bayan nan ruwan sama ya fara wasa da hankalin manoma: ya sauka a yi shuka, ya ɗauke sai shukar ta ƙone. A birni ana layin sabulu da madara, a ƙauye ana layin rijiya. Ɗan abin da aka samu kuwa ƙwari suka ce da su za a raba. A lokacin ne wata farar hoda ta shigo kasuwanni, ana auna ta a murfin kwalba, babu suna babu takarda. Mai sayarwa ya ce a barbaɗa a rumbu, ƙwaro ko ta ƙofar ba zai bi ba. Iliyasu yana ajiye waken sayarwa a rumbu, mai yawan da tulunan Zulai ba za su ɗauka ba, sai ya saya. Da hannunsa yake cakuɗawa, ya fito fari fat har gira, ya karkaɗe riga ya zauna cin tuwo. Zulai ta ce warin yana hawa mata kai. Ya ce, "To." Na ci a gida dai yana cikin tulunanta na toka, amma akwai shekarar da tulunan suka ƙare da wuri, suka wanke na rumbun suka ci, su biyu.

Iliyasu ya fara ramewa ta sama yana kumbura ta ƙasa. Ido ya yi ɗorawa. Aka yi jiƙo, aka yi rubutu, aka yi turare, har dai ƙaninsa Hadi ya ɗauke shi a ƙaramar bas zuwa asibitin birni, Zulai na biye da buta da tabarma. Likita ya duba ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ya yi ta tambaya. Ya taɓa yin shawara mai tsanani? Ya taɓa. Yakan ci gyaɗar da ta yi fumfuna? Wa ya ƙi ci a shekarun nan. Yana taɓa maganin ƙwari? Yana wanka da shi ma. Likitan ya ce, "Gaskiya ba zan iya nuna muku ɗaya in ce shi ne ba. Kowannensu ana zarginsa. Yana iya zama wannan, yana iya zama wancan, yana iya zama ba ko ɗaya."

Abu uku likita ya lissafa, Zulai ta ji da kunnenta. Amma Hadi mutum ne mai son kaya marar nauyi, sai ya ɗauko ɗaya kawai ya kawo gida. Kafin a yi sadakar uku, duk Ɗorawa Biyu ta san cewa likita ya ce waken gidan Iliyasu ne ya kashe shi. Shi kuma Hadin, da aka bar masa riƙon kayan mamacin, rumbun nan mai hoda ya buɗe ya loda wa 'yan kasuwa suka yi birni da shi. Da wani ya yi masa magana ya ce ai mutanen birni cikinsu ya saba.

Zulai tana takaba, ba ta san me ake ciki ba. Mai takaba kawo mata ake yi, ba a jiran nata. Kwanon Furera yana shigowa ta kafa kullum, ko da kunu ne tsararo.

A cikin kwanakin ne Malam Dabo, wanda shi kaɗai ke da rediyo mai kama tashoshin nesa, ya ji wani shiri. Aka ce a ƙasashen Turawa akwai inda ake bi da abinci ta ƙarƙashin wani irin haske mai ƙarfi don kada ya lalace, kada ƙwari su taɓa shi. Aka ce masana suna ta gardama: waɗansu na tsoron hasken yana barin wani abu a cikin abincin da zai iya jawo ciwon daji, waɗansu na cewa ba a ga tabbacin haka ba. Malam Dabo ya kawo labarin gindin ɗorawa bayan la'asar. Shi ma, kamar Hadi, rabin da ya fi daɗin faɗa ya ɗauko. Dattawa suka jinjina kai. Babu wanda ya taɓa ganin hasken nan, babu wanda ya san ko ya taɓa ƙetaro teku, amma ga Iliyasu a kabari, ga magana daga rediyo, sai suka ɗinke su wuri ɗaya. Malam Dabo ya yanke hukunci: duk abincin da ƙwaro ya ƙi, akwai dalili, kuma ɗan Adam bai fi ƙwaro wayo a kan abinci ba. Daga ranar mata suka koma duba wake a tafin hannu. Mai huda shi ne lafiyayye. Sumul kuwa, a'uzu billahi.

To, wa ke da wake sumul a garin nan?

Ranar da Zulai ta fita takaba ta yi wanka, ta fasa tulu, ta surfa, ta niƙa, ta yi alala mai manja da albasa, ta ƙulle a ganye irin ƙullinta mai kunne biyu. Ta tura ta kafa da murnarta. Kwanon Furera ya shigo. Ta jira a ce mata gishiri ya yi yawa. Shiru. Ta ce a ranta ko kunyar mai sabon rashi ake ji. Washegari ta yi ɗanwake. Shiru. Aka yi ta haka, kwano na fita, kwano na dawowa a wanke ƙal, babu zagi ko ɗaya. Rashin zagin nan ya fi komai damunta.

Wata safiya ta zagaya bayan gida ɗaure akuya, sai ta ga tururuwa sun yi layi zuwa wani wuri a gefen jujin gidan Malam Dabo, inda ƙasa take sabuwar tonawa. Ta sa ƙafa ta ture. Ga alalarta, ko kwance ganyen ba a yi ba, da kunnuwanta biyu. Ƙarƙashinta ga na shekaranjiya. A shekarar da mutane ke tankaɗe dusa su yi tuwo, an haƙa rami an binne abincinta, an kuma zurfafa don kada kaji su ci.

Ta mayar da ƙasar ta rufe, ta daddanna da ƙafa. Ta koma gida ta zauna jikin danga har ta ji motsin Furera.

"Furera."

"Na'am, Guntuwa. An tashi lafiya?"

"Tururuwa sun ce in gaishe ki. Sun ce alalar ta yi daɗi, gishiri daidai."

Daga can ɓangaren Furera ta ce, "Zulai, ki yi wa Allah ki yi haƙuri. Ina da jikoki a gidan nan."

"Toka ce, Furera. Tokar murhu. Har taki kin sha tara mini."

"Na sani. Amma gida ɗaya suka kwana da hodar nan. Kuma ke ma ki duba, bana ko karan danga ƙwaro bai bari ba, sai wakenki? Malam ya ce..."

"Malam ya ce, ko akwatinsa ya ce?"

"Ko wane ne ya ce, Iliyasu dai ba ya nan."

Wannan maganar ita ce ke cin Zulai ita ma. Tun daga asibiti, kullum da safe kafin ta tashi daga shimfiɗa takan danna gefen cikinta na dama da yatsu ta ji ko wani abu ya taurara. Ta san tulunanta, ta rantse a kansu. Amma shekarar nan da suka ci na rumbu fa? Likitan da ya yi karatu ya ce bai sani ba, ita wace ce?

Ciyayya ba sadaka ba ce, ba a karɓa a ƙi ci, ba a kuma bayarwa hannu ɗaya. Da asiri ya tonu, sai kwano ya daina bi ta kafa. Furera ba ta toshe kafar ba, Zulai ma ba ta toshe ba. Gizo-gizo ne ya zo ya yi musu aikin.

Ba wanda ya kore ta, kada a ɗauki alhakin mutanen Ɗorawa Biyu. Ana gaishe ta a rijiya, har da tambayar ya ƙarin haƙuri. Sai dai in an yi suna ko biki, a ce, "Inna Zulai, ke zauna ki huta, yara za su yi girkin." In ta miƙa wa yaro ƙosai, uwar ta ce yanzu ya ƙoshi, yaron kuwa idonsa kamar zai faɗo cikin kwanon. Safiyatu ta zo daga Zakirai ta ce ta tattara ta bi ta. Zulai ta ce ita ba za ta je ta tare a gidan suruki ana auna mata tuwo ba, kuma in Kamilu ya dawo ya tarar da gida a rufe fa? Safiyatu ta koma da kuka. Waken da uwar ta ɗaure mata a ƙullin zani kuwa, ta manta shi a zaure. Wai mantuwa.

Hannun da ya saba girkin gida biyu bai iya na mutum ɗaya ba. Kullum sai ta dafa ya yi yawa, ta ci loma kaɗan tana kallon bango, sauran ya kwana ya yi yami. Da rana gidan shiru, sai kukan kurciya. Takan tsinci kanta tana yi wa akuya bayanin yadda ake tankaɗe toka. Iliyasu da ba ya magana, ashe shirunsa ma cika ɗaki yake.

Bazara ta yi tsawo a shekarar. Zulai ba ta leƙa gidan kowa, amma mai zama jikin danga ba ta buƙatar ido. Da, turmin Furera sau biyu yake magana a yini. Ya koma sau ɗaya. Ya koma sai an tsallake rana. Sai ta fara jin warin tafasa ana dafawa, ganye zalla, da rigimar jikoki wadda ba ta ƙiriniya ba ce. Ita kuwa ga tuluna jere a ɗaki, cike, a yaɓe, kamar kaburbura. Ta yi tunanin ta yi rantsuwa da Alƙur'ani a gaban liman. Ta ga ko ta yi, za a ce ai ba ƙarya ake cewa ta yi ba, ita ma ba ta sani ba ne. Mutanen nan shaida ɗaya suka yarda da ita, kuma ba mutum ba ce.

Ranar kasuwar Makoɗa ta yafa mayafi ta taka da ƙafa. Ta wuce masu wake mai kyau, ta tsaya gaban wani mai awo da ke kakkaɓe gindin buhu.

"Ɗan nan, wannan na ƙasan nake so. Wanda ya fi lalacewa."

Ya ɗago ya gane ta. "Inna Zulai mai wake? Ke da ko a mafarki ba kya ganin huda? Akuya za ki ba?"

"Baƙi zan yi."

"Waɗanne irin baƙi ne za a tara da wannan?"

"Su ne baƙin," in ji ta, ta nuna ƙwarin da ke yawo a ciki. Ta ƙulle su a haɓar zani ta juyo.

A gida ta zaɓi tulun da ya fi girma. Ta daɗe tsaye da dutse a hannu kafin ta fasa lakar. Ta tankaɗe tokar tas, waken ya fito fari sol yana sheƙi, irin wanda kakarta za ta gani ta yi murmushi. Ta mayar da shi tulun tsirara, ta kwance haɓar zani ta juye baƙin a kai, ta ɗora faifai a karkace don su sha iska. Sannan ta fita ta zauna a tsakar gida, ta rufe fuska da mayafi. Ko ranar da aka fita da Iliyasu ba ta yi irin kukan nan ba, kuma in an tambaye ta ba za ta iya cewa na wake ne ko na mene ne ba.

Ƙwaro ba ya ɓata lokaci. Bayan 'yan makonni, da tsakar rana in gari ya yi tsit, sai ta riƙa jin wani ɗan ƙas-ƙas daga cikin tulun. Ta jawo tabarmarta kusa. Abin kunya ne a faɗa, amma daɗin sautin take ji. Tun fitarta takaba, wannan ne karo na farko da wani mai rai ke cin abincinta ba tare da an roƙe shi ba.

Da waken ya yi huda son ranta, ta ɗebo a faifai ta zauna daidai kafar danga, ta share yanar gizo-gizon da tsinke, ta hau sheƙa tana bushewa. Ƙwari suka riƙa tashi, waɗansu suka bi ta kafar, ba sallama. Ba a jima ba ta ga ido ɗaya a kafar.

"Guntuwa, me nake gani haka? Wakenki ne ya zama rariya?"

"Tsufa ne. Hannu ya lalace."

"Ke ɗin?"

"Ni ɗin. Ba ga shi kina gani ba?"

Idon ya daɗe yana kallon faifan, ya koma kan fuskar Zulai, ya daɗe a nan ma. Furera ba sakarya ba ce. Ta san tokar Zulai ba ta tsufa. Sai idon ya janye.

Zulai ba ta yi alala ba, ba ta yi ɗanwake ba, don in an niƙa wa zai ga huda? Gudansa ta dafa, ta zuba ɗan man gyaɗa da yaji. Ƙwarin da suka taso saman ruwa, waɗanda da can ko ɗaya ta gani sai ta zubar da tukunyar, ta kwashe waɗansu ta bar waɗansu a sama-sama inda Malam Dabo zai gan su ba sai ya sa tabarau ba. Ta cika kwano har baki. Kafin magariba ta tura shi ta kafa. Hannu ya karɓa.

Ba abin da ya fito daga can a ranar. Da gari ya waye ta zagaya bayan gida, wai ɗaure akuya, akuyar da tun jiya take ɗaure. Ta dubi gefen juji. Ƙasa busasshiya, ba a taɓa ta ba. Tururuwa na ta harkarsu a wani wurin.

Da ta dawo ta tarar da kwano a kafa. Ta buɗe. Kwaɗon tafasa ne, baƙi ƙirin, ko ƙuli babu, ɗan kaɗan a gindin kwano. Ta zauna a wurin ta cinye shi da ɗacinsa, ta sa yatsa ta lashe. Sai ta ji an kawo baki jikin danga.

"Guntuwa."

"Na'am."

"Gishiri ya yi yawa."

Zulai ta buɗe baki ta rama, maganar daddawa na kan harshenta. Sai ta buga dangar da gindin kwano kawai.

Tulun nan da waɗanda suka biyo bayansa su suka fitar da gidan Malam Dabo daga bazarar. Shi Malam ya ci har da neman ƙari, ya kuma gaya wa dattawa a gindin ɗorawa cewa ga shi maganarsa ta fito, tun da hodar ta bar gidan ƙwari sun dawo. Ba wanda ya ba Zulai haƙuri, ita ma ba ta nema ba. Ba a kuma mayar da ita kan tukunyar biki ba.

Ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Ciwon da take lalube kowace safiya bai zo ba, Kamilu ma bai zo ba, kuma har ta koma ga Allah ba ta san me ya kashe Iliyasu ba. Kowace kaka takan raba wakenta biyu. Kashi ɗaya ta bar shi a buɗe, ƙwari su ci rabonsu, shi ne na kwanon da ke bi ta kafa. Ɗayan ta shanya, ta tankaɗe masa toka, ta yaɓe da laka yadda kakarta ta koya mata. Da bazara ta fasa, ya fito sumul, ko huda ɗaya babu. Sau ɗaya, bayan duniya ta yi sauƙi, ta ɗebo a tafin hannu ta miƙa ta kafa ta ce, "Furera, dubi wannan."

Furera ta juya shi da yatsa ta ce, "Kai, ya yi kyau. Wallahi babu mai hannunki." Sannan ta mayar mata da shi cikin tafin, ta naɗe mata yatsun a kai.

Shi wannan waken, Zulai takan dafa shi a 'yar ƙaramar tukunya, ta shiga ɗaki ta ci ita kaɗai.